Ba Wayata Ce Ta Mutu a Krofrom Ba

Ba wayata ce ta mutu a Krofrom ba. Babanku ya yi mini ƙarya a gaban mutane, ya rayu da ita shekara da shekaru, ya mutu bai janye ba. Allah ya jiƙansa. Ina yi masa addu'a kowace asuba, amma addu'a daban, gaskiya daban.

Da na yi niyyar tafiya kabari da maganar. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne ranar bikinki, Rukaya. Lasifika ta yi ƙara ana tsakiyar kiran sunayen dangi, sai gwaggonku Zinatu ta ɗaga murya ta ce ko Adiza ce ta haɗa wayar, wato ni. Mata suka kwashe da dariya. Na juya na gan ki cikin lulluɓi, kafaɗunki na rawa. Ban ga laifinki ba, a cikin maganar kika tashi, kamar yadda kika tashi kina jin kiran salla. Amma a ranar na gane cewa idan na mutu, abin da ke da yayanki Awudu za ku gada daga gare ni ke nan: uwarku ce ta kashe wa ubanku sana'a. To ku zauna ku karanta. Rubutuna ba kyau, da furfura na koye shi, amma ana ganewa.

Baaba, mahaifina, gyaran rediyo yake yi a bakin titi a Akwatia Line. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, shi kuma ba mutum ne mai zaman jiran abin da bai zo ba, sai ya ɗora ni kan benci tun ƙafata ba ta kai ƙasa. 'Yan mata tsarana suna koyon kitso, ni ina koyon narka dalma. Har yau akwai tabon ƙarfen dalma a yatsuna uku. Shi ya koya mini cewa ba a sayen waya da ido. A yanka bakinta a duba ciki. Idan jan ƙarfen da ya kewaye cibiyar saƙaƙƙe ne, ya kamu tsam kamar kitson da aka yi da safe, to waya ce. Idan 'yan silalla ne aka karkaɗa a kai kamar gashin jariri, a mayar wa mai ita. A kankare silin da reza, in cikinsa ya fito fari, fenti aka yi masa, dalma ba za ta kama shi da gaskiya ba. Kan wayar kuma ya zama na ƙarfe mai murɗi, wanda za a buɗe a ga aikin da aka yi ciki. Wanda aka narka masa roba aka rufe ruf, Baaba cewa yake yi maƙaryaci ne, ba ya son a ga cikinsa.

"Wayar kirki bebiya ce," in ji shi. "In kin ji muryarta, ta mutu, jana'iza ta rage."

Babanku a wurin Baaba ya fara ganina. Ya kawo amfilifaya gyara, ya dawo karɓa har sau huɗu alhali tun zuwan farko an gama. Jita yake kaɗawa a ƙungiyar Masta Kwaku, wani Asante mai hannu da shuni da yake da kayan kiɗa da mota. Aikinsu na Asabar ne, wajen ayie, wato zaman makokin Asantawa da ake yi da rana tsaka a fili, da rumfuna, da jan zane da baƙi, da kiɗa. Mutanen Zango suna yi masa gunaguni, wai ɗan Musulmi da kaɗa wa gawa. Amma shinkafar da kiɗan ke kawowa ba wanda ya taɓa dawo mana da kwanonta. Kuma ya iya. Wannan ba zan rage masa ba ko ina fushi. In ya sa yatsa a jita, tsofaffin matan Asante ajiye sanda suke yi.

Yana da wani katako da yake jera ƙananan akwatuna biyar a kai, waɗanda yake takawa da ƙafa muryar jita ta sauya. Feda suke ce musu. Sauti daga jita yake shiga na farko, ya wuce na biyu, har ya fita ta na biyar zuwa amfilifaya, kuma tsakanin kowane biyu akwai 'yar gajeriyar waya da ba ta kai taƙi ba. Huɗu ke nan. Ku riƙe wannan, domin duk maganar a nan take: hanya ɗaya ce. In ɗaya cikin huɗun ta mutu, duka sun yi shiru, kuma da ido ba za ka san wacce ba ce. Ni ke yin waɗannan wayoyin. Ni ke zuwa kasuwa in zaɓo, in yanka daidai tsawon da ake bukata, in sa musu kai mai gwiwa don kada ƙafa ta karya shi. Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci, sai in jona katakon, in ƙure amfilifaya, in bi wayoyin ɗaya ɗaya, in girgiza, in ɗalla da yatsa, in murɗa wuya, in taka. In na ji ko ƙyas, a ranar take barin katakon. Shekara tara babanku bai taɓa durƙusawa a gaban jama'a yana lalube ba. Sauran makaɗan suka fara ba shi nasu ya kawo mini, har na wasu ƙungiyoyin. Ba wanda ya san fuskata a cikinsu. Sun dai san matar mai jita tana da hannu.

A shekara ta taran nan ce Yaya Mumuni ya zo gida. Wan babanku ne, ya daɗe a Turai, boga na sosai, kamar yadda ake ce wa masu dawowa daga can, da sarƙa a wuya da turaren da ke riga shi shiga lungu. Ba zan ci amanarsa ba. Shi ya sauya mana kwanon rufin gida, shi ya kai Mma, kakarku, Makka. Kuma ban yarda da mugunta ya yi abin da ya yi ba. Ya shiga kanti ne ya ga abu mai sheƙi ya tuna da ƙaninsa. Da aka buɗe akwatin tsaraba a tsakar gida, kowa ya samu nasa, babanku kuma aka miƙa masa wani kwali mai fuskar leda. A ciki gajerun wayoyi shida ne, kowace da launinta, bakinsu kamar zinariya. Duk gidan aka taru ana shafawa. Mma ta ce ko a gidan sarkin Asante a Manhyia ba a da irinsu.

Ni kan wayar na kalla. Roba ce narkakkiya, a rufe ruf.

Kun san al'adar gidanmu. Tsarabar babban wa ba a sa ta a akwati. In shadda ce, a gan ka da ita a masallacin Juma'a. In takalmi ne, ko yana cizonka ka sa ka je gaishe shi. Kuma aka yi rashin sa'a, Asabar ɗin da ke tafe akwai ayie a unguwar Krofrom, na wani mai motocin haya na trotro wanda Yaya ya yi wa yaron mota tun kafin ya san hanyar Turai. Yaya ya ce zai je, zai zauna a gaba, zai ga ƙaninsa yana kiɗa da kayan Turai.

Ranar Juma'a na tarar babanku ya cire wayoyina ya tara su a gefe kamar ɓawon rake, ya sa sababbi huɗu: ja, shuɗiya, koriya da rawaya. Na jawo katakon. Na jona, na ƙure amfilifaya, na fara aikina. Ja ta yi shiru. Shuɗiya ta yi shiru. Da na murɗa wuyan rawaya sai ta yi ƙar-ƙar, kamar an jefa ɗanyen kifi a mai. Na sake, ta sake. Na ce masa wannan ba za ta kai la'asar ba, kuma sauran ma ban yarda da su ba. Ya ce sabuwa ce, ba ta zauna ba tukuna. Na ce waya ba amarya ba ce da za ta saba da gida. Na ce to ya bar biyu masu launi inda Yaya zai gani, ya mayar da nawa a sauran, ko ya sauya rawayar da ɗaya cikin biyun da suka rage a kwali. Har ya kusa yarda, na ga ya miƙa hannu. Sai ga Yaya a bakin ƙofa, ashe ƙarar ce ta jawo shi.

Ya tambayi abin da ake yi. Babanku ya ce ba komai, gwaji ne. Ni na ce rawayar ba ta da lafiya. Yaya ya yi dariya har sarƙarsa na motsi, ya ɗauki kwalin ya miƙo mini.

"Amarya, karanta mana abin da Turawa suka rubuta a nan. In sun ce ba ta da lafiya, sai mu kai ta asibiti."

Ya san ban iya karatun boko ba. Duk gidan an sani. Mma daga kan tabarma ta ce in bar maza da kayansu, tuwo na jira. Babanku ya janye hannunsa daga kwalin, ya kashe amfilifaya, ya rufe katakon da tawul.

Ban saba bin sa wajen aiki ba. Amma ranar Asabar na naɗe wayoyina huɗu a ƙyalle na sa a jaka, na yafa baƙin mayafi, na hau trotro zuwa Krofrom. Na tsaya can baya wajen masu sayar da ruwa. An toshe titi da rumfuna, jama'a kamar kasuwa, dangi a jere ana bi ana ba su hannu. Yaya na sahun gaba da baƙin tabarau. Kiɗa ya tafi lafiya har rana ta karkata, har na fara ce wa kaina, Adiza, kin cika baƙin ciki, ki koma gida. Sai babbar 'yar mamacin ta tashi. Ta roƙi a yi mata waƙar da ubanta ya fi so, za ta taka masa ta ƙarshe. Waƙar da jita kaɗai take farawa, ganguna sai daga baya. Fili ya yi tsit. Ta fito tsakiya ita kaɗai, ta ɗaura jan zane a ƙugu, ta ɗaga hannu. Babanku ya fara, kuma wallahi ya fara da kyau, na ga mata suna share ido. Ya kai ƙafa ya taka feda ta uku.

Ƙarar da ta fito daga manyan lasifikun nan ban taɓa jin irinta ba. Jarirai suka fashe da kuka, wani tsoho ya faɗo daga kujera. Daga nan shiru. Yatsunsa na tafiya a kan jita, ba abin da ke fita. Matar tana tsaye a tsakiyar fili da hannu a sama, ita kaɗai, ba kiɗa. Babanku ya durƙusa yana zare wannan yana mayar da waccan, gumi na ɗiga a katakon. Da ya natsu, da jitar ya jona kai tsaye da amfilifaya ya ci gaba. Amma shekara tara bai taɓa bukatar tunanin haka ba, ni na hana shi koyo.

Ban san lokacin da na ratsa filin ba. Na durƙusa gefensa, na zare rawayar na jefa a jaka, na sa tawa. Sauti ya dawo kafin mutum ya karanta Fatiha. Amma matar ta riga ta koma ta zauna ta rufe fuska da zane, kuma babban danginsu ya miƙe yana nuna Masta Kwaku da sanda. Kowa a wurin ya ga abu ɗaya: mace 'yar Zango durƙushe a gaban katako da wayoyi a hannu.

Da aka tashi, Masta Kwaku ya zo bayan rumfa inda ake naɗe kaya. Dole gobe ya ɗauki manya ya je ba dangin haƙuri, ransa a ɓace yake. Yaya ma ya zo ya tsaya, ya cire tabarau. Masta ya kira sunan babanku, ya yi masa magana da Hausarsa ta kasuwa.

"Wannan waya da ya mutu, wane ne ya yi shi?"

Babanku ya kalli Yaya. Ya kalli ƙasa. Ni bai kalle ni ba.

"Ta gida ce, Masta. Ita ta yi."

Rawayar tana cikin jakata a lokacin, ina jin kanta a tafin hannuna. Masta ya dube ni sama da ƙasa ya ce, Maame, ki koma wajen tukunya. Ya ce wa babanku ya huta tukuna, zai neme shi. Bai neme shi ba. Asabar ta gaba wani ne ya riƙe jita a ƙungiyar, kuma shi ya ci gaba da riƙewa.

Washegari Lahadi Mma ta ce a taru bayan la'asar. Kafin nan babanku ya same ni a ɗaki ina zaune da rawayar a cinya da reza a hannu. Na ce masa a gaban kowa zan yanka ta, kowa ya ga cikinta, a kuma kawo kwalin a ƙirga a ga wacce ba ta nan. Bai musa mini ba, ko sau ɗaya bai ce ba haka aka yi ba. Ya ce in duba rufin da ke kanmu. Ya ce in tuna wanda ya kai Mma Makka. Ya ce Yaya saura kwana goma ya koma, in aka kunyata shi ya tafi da ita a zuciya, gidan nan ba zai sake haɗuwa ba, kuma a kansa za a ɗora. Ya ce ni mace ce, ba wanda zai riƙe ni da maganar waya. Sai ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya durƙusa ya kama ƙafata.

"Ki rufa mini asiri, Adiza. Maganar kwana biyu ce, za a manta."

Ku da kuka san ni, kun san bakina ba ya da murfi. Na yi faɗa da mai gidan haya, na yi da ɗan sanda, na yi da limami a kan magudanar ruwa. Amma ban taɓa ganin tsakiyar kan babanku daga sama ba sai ranar, har ya fara sanƙo ban sani ba. Na mayar da rezar cikin takardarta.

A tsakar gida na zauna kamar an dasa ni. Mma ta ce tun farko ba ta so auren 'yar mai rediyo ba, mace da warin dalma a hannu. Zinatu ta ce wai har filin mutane na ratsa ba kunya. Yaya ya yi magana a hankali, kamar mai sasanci. Ya ce ba laifina ba ne, rashin ilimi ne, abin da aka yi a inji ba a haɗa shi da aikin hannu. Na daɗe ina tambayar kaina ko ya san gaskiya. Ya ga launin wayar da na zare, yana sahun gaba. Wataƙila tabarau ya hana shi. Aka yanke cewa kada in sake taɓa kayan babanku. Aka ce in ba shi haƙuri. Na buɗe baki na ba shi, a gaban uwarsa da wansa, shi kuma ya ce ya yafe.

Wannan kalmar ita ce ban yafe ba.

Ba a manta ba. Makaɗan da ke aiko mini da wayoyi suka daina. Babanku ya koma bin ƙananan bukukuwa, daga baya ya rataye jitar ya shiga gadi, kuma duk wanda ya tambaye shi dalili sai ya yi murmushi ya ce ƙaddara, a bar mutane su ƙarasa da sunana. Sau uku na ce ya gaya muku, ku kaɗai, a cikin ɗaki. Na farko ya ce kun yi ƙanana. Na biyu ya ce Mma na da rai. Na uku yana kwance ba ya iya magana sosai, ya matse hannuna kawai. Ban san abin da matsewar take nufi ba, kuma na gaji da yi masa fassara mai kyau.

Kwalin ma na ajiye. Kwalin nan shi ya kai ni ajin manya da ake yi a barandar makarantar Islamiyya, ina zaune da mata sa'o'in ƙannena muna a, ba, ca. Ranar da na iya haɗa baƙi, shi na fara ɗaukowa. Ba komai a jikinsa sai kirari, kuma ba ma a ƙasar da Yaya yake zaune aka yi su ba. Irinsu na nan jibge a kasuwar garin nan, na sha wuce su. Rawayar tana cikin gwangwanin madara a ƙasan akwatina, ban yanka ta ba har yau, don kada a ce na taɓa ta. Awudu, kai ne babba. Ka kira Zinatu, ka kira ƙanwarka, ka sa reza a wuyan wayar a gabansu.

Amma ni ban jira wannan ranar ba. Washegarin taron nan na tsakar gida, Litinin da safe, bayan na ba ku koko, na ɗauki ɗaya cikin biyun da suka rage a kwali na yanka. Silalla ne 'yan kaɗan, ba saƙa, na kankare suka fito fari. Na share hannuna. Na ɗauko ƙarfen dalmar Baaba da ragowar wayata da ƙullin jan zare, na ɗora tebur a ka. Mma tana alwalar walaha ta tambaye ni ina zuwa, na ce an hana ni kayan ɗanta, ba a hana ni titi ba. Na kafa teburin a Akwatia Line, daidai inda bencin Baaba yake a da. Har azahar ba wanda ya tsaya, ban damu ba. Na yi waya ta farko, na gwada ta, ta yi shiru. Sai na yanki jan zare na ɗaure mata a wuya, ƙulli uku, yadda ko daga bayan rumfa za a gane tawa ce, kuma ba mai sake ɗora mini ta wani.